Shekarar da Waya Ta Ci Akuyar Inna

Bana ma ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya sauko sau biyu da ƙarfi, kowa ya saɓa sungumi ya fita, gero ya tsiro har ya yi ganye uku, sai ya ɗauke cak. Yau kwana goma sha shida ke nan babu ko yayyafi. Da hantsi idan ka shiga gona sai ka ga shuka ta naɗe kamar an murza ta, ƙasa kuwa ba ta takuwa sai da takalmi. Shekaranjiya na dawo daga kewaya gona, na tarar da Hauwa ƙanwar matata, wadda ke karatun aikin jinya, zaune a ƙofar ɗaki da laftof a cinya. Ta danna wani abu a wayarta sau ɗaya, ta ajiye ta a kan tabarma, shi ke nan laftof ta kama intanet, ba igiya ba komai. Na tambaye ta nawa abin yake ci. Ta ce, "Yaya, ai datar wata ce, ko dubawa ba na yi." Na ce madalla, na wuce ciki. Da na zauna sai wata damina ta dawo mini gaba ɗayanta, har da zafin da na ji a ƙirjina a lokacin.

Kusan shekara goma sha biyar ke nan. Ƙauyenmu yana ƙasar Ɗambatta, inda gona take manne da gona, idan ka yi tari a taka maƙwabcinka ya yi maka sannu. A gidanmu mu biyu ne samari: ni Garzali, ɗan farin Baba da Inna, da Nasiru, ɗan ƙanin Baba da ya rasu tun Nasiru yana rarrafe. Wata biyu ne tsakaninmu. Tare muka yi firamare da sakandare, kuma duk jarrabawar da aka yi mana ni ne a gabansa. Ba yabon kai ba ne, takardun suna nan a akwatina. Da muka gama, ƙarfin Baba bai wuce na mutum ɗaya ba. Ya kira mu zaure ya ce Nasiru ne zai tafi kwalejin aikin gona. Bai faɗi dalili ba, amma kowa ya sani, maraya ne, kuma idon mutane yana kan Baba. Ni kuwa ɗan fari ne, wanda ko sunansa iyaye ba sa kira don kunya, balle a ga sun fifita shi. "Kai" suke ce mini. Na ce to, na ɗauki fartanya.

A shekarar da nake magana, rani gaba ɗaya na yi shi ina jigilar taki da jaki, mangala bayan mangala, har na rufe babbar gonarmu da tsibi-tsibi. Ruwan farko ya zo da wuri, muka shuka gero da dawa, ni ina sara Baba yana binnewa da diddige. Sai ruwa ya ɗauke kusan mako uku. Rana ta ƙone tsiron har sai da kunyoyin suka koma kamar ba a taɓa su ba. Kullum da yamma hadari yakan taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, mata su yi ta jera robobi a bakin indararo, sai ya watse ya bar mu da gumi. Da ruwa ya dawo dole aka sake iri, kuma irin daga cikin rumbu aka ɗebo shi, daga abin da za mu ci. Tun daga nan Inna ta rage awo. Tuwon da ake yi da kwano biyu ya koma kwano ɗaya da rabi, ana cika shi da garin rogo. Da rana kuwa kwaɗon tafasa ne ko na rama, da ɗan ƙuli-ƙuli a barbaɗe.

A cikin wannan halin Nasiru ya dawo gida, ya gama kwaleji. Ya zo da laftof tsohuwa, baƙa, mai nauyin tsiya, wadda ya saya a Kano da ɗan alawus ɗin da ya tara. Ya zo da waya mai madannai da wata gajeriyar igiya da ake haɗa su da ita. Ranar da ya buɗe ta a zaure, mutanen unguwa suka cika har ƙofa. Ya nuna musu cewa idan ya soka igiyar a waya ya soka ɗaya bakin a laftof, wayar ce take jawo mata intanet daga sama. Dattawa suna ta salati. Wani ya ce, "Lallai Malam Hadi, ɗan nan naka ya yi karatu." Baba ya yi murmushin da ban taɓa ganin ya yi don ni ba. Ina tsaye a bakin ƙofa da ƙasa a ƙafata. Na yi wata huɗu ina ɗaukar taki, ba wanda ya taru ya kalle ni.

Abin da ya dawo da shi shi ne aiki. Wani shirin noma yana neman malaman gona, kuma ba a karɓar takarda da hannu, sai dai a cike fom a intanet, a tura hoto da shaidar makaranta. Shagon intanet ɗin da ke Ɗambatta ya rufe tun da tsawa ta lalata musu kaya. Nasiru ya je Kano sau ɗaya, ya yini a shago, shafin ya ƙi buɗewa saboda yawan masu nema, ya dawo hannu biyu. A can aka ce masa da sassafe ne shafin yake sakin jiki. A ƙauyenmu kuwa wuri ɗaya ne sabis yake kamawa sosai, kan jigawar da ke saman babbar gonarmu, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya.

Sai azumi ya kama, a tsakiyar damina, daidai lokacin maimai.

Wanda bai yi noma da azumi a bakinsa ba ba zai gane ba. Mu yi sahur da tuwon jiya da ruwan randa, mu yi sallar asuba, mu fita tun raɓa tana jiƙa wando. Gayya ba ta yiwuwa, don ba abin da za ka ciyar da mutane, ga kuma azumi. Sai mu huɗu maƙwabta muka haɗa kai, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Ruwa ya riga ya zauna, ciyawa tana fitowa kamar ana jan ta, ƙasa ta yi nauyi tana manne wa fartanya. Kafin hantsi rana ta buɗe, tururi ya taso daga ƙasa, riga ta manne a baya. Maƙogwaro ya bushe har yawu ya yi kauri. Idan ka ɗago daga sunkuyo sai ka ga wasu ƙananan taurari suna yawo a idonka.

Duk sanda na ɗago kuma, Nasiru nake gani. Yana can saman jigawa a inuwar tsamiya, ya shimfiɗa buhu, farar rigarsa tas, laftof a cinya, waya a saƙale a reshe. Baba ya ɗauke masa noma har sai ya gama cike fom. Mutumin da za a ɗauka ya koya wa manoma noma, ga shi a zaune, ni da na fi shi a aji ina ƙasa ina kai masa abin da zai ci. Abokan aikina sukan yi wasa su ce, "Garzali, ga ofis ɗin ɗan'uwanka can an buɗe." Nakan yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta wuce haƙorana.

Sai dai shi ma abin bai yi masa daɗi ba. Zai kankare kati ya zuba a waya, ya haɗa igiya, shafin ya fara buɗewa a hankali kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Ya cike shafi na ɗaya, ya cike na biyu, yana zuwa wurin tura hoto sai komai ya tsaya. Ya duba waya, kuɗin sun ƙare ƙaf. Kuma fom ɗin ba ya ajiye abin da aka rubuta, gobe sai ya faro daga suna. Batirin laftof ɗin ma bai kai awa ɗaya ba, kullum da azahar sai ya hau keke ya kai ta caji bakin titi wurin mai janareta. Katin da zai yi wa mutum wata guda yana kira, shi kafin ya gama rubuta sunan ƙaramar hukuma ya tafi. Ya rasa gane kan abin. Yakan sauko yana huci ya ce, "Wallahi Baba ko minti goma ban yi ba."

Don kuɗin kati, Baba ya fara da sayar da ƙwan zabi, don lokacin zabinmu suna kan saka. Da ƙwai ya kasa, aka koma kan zabin. Ranar kasuwar Ɗambatta ni aka ɗora wa su a keke, aka ce in sayar in sayo kati.

A bakin tasha akwai rumfar Malam Isiyaku, mai gyaran waya da sayar da kati, mutum mai raha da tabarau a kan hanci. Da na faɗi yawan katin da nake so, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai kuwa wa kake kira haka? Ko budurwar a Makka take?"

Na ba shi labarin Nasiru da igiyarsa. Ya ajiye abin da yake gyarawa ya ce, "Subhanallahi! Kai tsaye yake shiga da kuɗin kati? Ai ƙona su yake yi. Zauna ka ji. Intanet ba kamar kira ba ne da ake ƙirga minti. Nauyin abin da ya shigo da wanda ya fita ake aunawa. Idan da kuɗin kati ka shiga, a farashi mafi tsada ake yankar ka, kamar mai sayen gero gwangwani-gwangwani. Waya ita kaɗai shafi ɗan ƙarami take buɗewa, shi ya sa ba a ji. Laftof kuwa shafin take kwasowa ɗungurungum da hotunansa. Abin da ya fi muni, tana jin ƙanshin intanet za ta fara jawo kayan sabunta kanta a ɓoye, ko bai taɓa komai ba. Wannan ne yake shanye masa kuɗi."

Na ce, "To mene ne maganinsa?"

Ya ce, "Ya sayi buhu. Akwai datar wata, lambobi kawai zai danna. Amma ya kula, iri biyu ce. Akwai ƙaramar da aka yi don waya kaɗai, idan ya haɗa ta da laftof ba ta aiki, sai a koma yankar katinsa bai sani ba. Babbar zai saya, kuma ba ta kai abin da kuka ƙona a mako ɗaya ba. Sannan ya kashe sabuntawar nan, ya rage girman hoton kafin ya tura." Ya yagi takarda ya rubuta mini komai dalla-dalla, har da inda ake shiga a kashe. Na karanta sau ɗaya na gane. Na ninke ta na sa a aljihu, amma duk da haka na sayi katin da aka aike ni.

Allah ya sani, a hanya niyyata in ba shi. Ruwa ya kama ni tun daga rabin hanya, na iso gida jagab ana kiran magariba. Inna ta fito da kunun tsamiya. Na ga ta ware kofi ɗaya ta zuba masa ɗan sukarin da ya rage a gidan, ta ɗora dafaffen ƙwai ɗaya a kan faifai, ta tura gaban Nasiru. Ta ce, "Sha, ɗana, aikin ƙwaƙwalwa ya fi cin jiki." Ni ta miƙo mini nawa ba ta dube ni ba, ta ce, "Kai, ka cire rigar nan kada sanyi ya kama ka." Na kurɓi kunun, tsami ya kama mini haƙora. Hannuna yana kan aljihun. Na ce a raina, bari sai gobe.

Gobe ta zo ban faɗa ba. Jibi ma haka. Ba zan ɓoye ba, har daɗi na riƙa ji. Ina sunkuye a cikin gero ina jira, sai in jiyo tsakinsa daga saman jigawa, in san kati ya tafi, sai in ji ƙarfi ya dawo mini a hannu. Na riƙa gaya wa kaina ai shi ne mai karatun, idan karatun gaskiya ne ya gano da kansa. Da kasuwa ta sake zagayowa aka aike ni da sauran zabin, na zagaye rumfar Malam Isiyaku na sayi kati a wurin wani can cikin 'yan tireda.

A makon nan abinci ya ƙara ja baya. Rumbun gero ya kai ƙasa, idan Inna ta shiga sai ka ji tana kankare dabe da ƙoƙo. Sahur ya koma dambun tsaki da zogale ya fi tsakin yawa. Gero a gona ya yi ciki amma bai fitar da kai ba, kana ganin abinci kore shar ko ta ina, ba wanda za ka kai baki. Nasiru ya rame, ya daina zama a zaure, ya daina haɗa ido da Baba. Saura kwana shida a rufe karɓar fom.

Ranar da aka kai azumi na ashirin, bayan an sha ruwa, na ji Baba yana yi wa Inna magana a hankali a bakin turke. Inna tana da jar akuya mai farin goshi, jikar wadda mahaifiyarta ta ba ta. Duk abin da akuyar ta haifa Inna tana tarawa ne don lefena, ko da yake ba ta taɓa faɗa da bakinta ba. 'Ya'yan an riga an sayar da su a farkon damina an sayi masara, saura uwar, ga ta da ciki. Inna ba ta yi musu ba. Ta ce, "Idan hanyar yaron nan a jikinta take, a kai ta."

A lokacin ya kamata in yi magana. Amma yanzu abin ya wuce ƙyashi, kunya ta shigo. Idan na fito da takardar, tambayar farko ita ce tun yaushe take hannuna. Na shige ɗaki na kwanta. Da safe Inna da kanta ta ɗaura wa akuyar igiya, ta shafa bayanta, ta shige ɗaki ba ta fito ba har muka tafi.

Wannan karon da Baba muka je, don shi ya iya ciniki. Kasuwar awaki ta cika maƙil, kowa yunwa ta koro shi da dabbarsa, masu saye kuwa sai yanga suke yi. Aka saye ta da arha, dillali ya cire la'adarsa. Baba ya auni masara kaɗan, ya ce mu je mu sayi kati. Na ce akwai wani mai kati nan kusa. Ya ce a'a, wurin Isiyaku za mu, ubansa abokinsa ne, ya daɗe bai gaishe shi ba. Na bi shi a baya.

Bayan sun gaisa, Baba ya faɗi abin da ya kawo mu. Malam Isiyaku ya dube ni ya ce, "A'a, Garzali, har yanzu kati kuke ƙonawa? Datar watan ba ta yi ba ne? Ko ɗan'uwan naka bai gane rubutuna ba?"

Baba ya ce, "Wane rubutu?"

Malam Isiyaku, da zuciya ɗaya, ya sake zayyana komai. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaushe ka ba shi takardar?"

"Ai kasuwa biyu ke nan, Baba."

Baba bai dube ni ba. Ya ce, "To, ba mu na datar watan." Ya karɓa ya sa a aljihu, ya juya da sauri ya nufi kasuwar awaki, ina binsa. Muka tarar da dillalin, Baba ya ce a dawo da cinikin ko da ƙari ne. Dillalin ya nuna mana bakin hanya. An riga an loda ta a babbar mota mai zuwa kudu, motar har ta ɗaga.

Muka hau bas ta komawa gida. Muka sauka a bakin titi muka kama 'yar hanyar da ke ratsa gonaki, dawa ta fi mu tsawo hagu da dama, ba iska ko kaɗan. Yana gaba da buhun masara a kafaɗa, ya hana ni ɗauka. Sai da muka kusa gari ya tsaya, ya sauke buhun.

Ya ce, "Garzali."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na durƙusa a wurin.

Ya ce, "Ni na zaɓa, ba Nasiru ba. Idan akwai wanda za ka riƙe a zuciya, ni ne. Na san ka fi shi karatu, tun kuna aji uku na sani. Na yi abin da na ga zan iya tsayawa da shi gaban ɗan'uwana ranar gobe, kuma na san a kanka na yi shi. Amma uwarka me ta yi maka?"

Hawaye ne kawai, ga azumi, har na ji gishirinsu a leɓena na tofar.

Ya ce, "Ba zan gaya mata ba, ba zan gaya masa ba. Takardar kuwa da hannunka za ka kai masa. Tashi ka ɗauki buhun."

Washegari ban tsaya noma ba, na haura jigawa. Nasiru yana zaune ya zuba wa laftof ido bai ko kunna ta ba. Na miƙa masa takardar da katin, na ce jiya Malam Isiyaku ya ba ni. Takardar ta yi laushi, ninkin har ya fara yagewa, amma bai ce komai a kai ba. Ya karanta ya rikice, sai ni na karɓi wayar na danna lambobin, saƙo ya shigo cewa datar ta shiga. Na nuna masa inda zai kashe sabuntawa, muka rage hoton. Na miƙe tsaye na ɗaga wayar sama iya tsawon igiyar, hannuna yana sanyi, shi yana cikewa. Shafi na ɗaya, na biyu, na uku. Hoton ya tafi. Takardun suka tafi. Wani koren rubutu ya fito cewa an karɓa. Duka abin bai kai rabin awa ba.

Nasiru ya yi kabbara har abokan aikina suka ɗago daga gona. Ya ruga gida yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa Garzali ne ya gano maganin abin. Da magariba Inna ta fara miƙo mini kunu kafin kowa, ta ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa shan abin da ya yi mini wuyar haɗiya kamar kunun nan ba. Turken akuyar yana nan a gabana, da guntun ciyawar da ba ta cinye ba.

Daga nan marka ta sauka, kwana da kwanaki ba a ganin rana, katangar bayan gida ta zube muka tashe ta da kara. Aka yi salla ba wanda ya ɗinka sabo a gidanmu. Nasiru ya ɗauki fartanya ya shigo cikinmu muka yi huɗa, hannunsa ya yi kanta ya fashe, bai yi ƙorafi ba. Gero ya fitar da kai, ya yi bununi, ya ƙosa. Ranar da aka fara gasa tumu a gidanmu, ƙanshin kaɗai ya isa ya sa mutum kuka. Muna cikin ɗaurin dami saƙo ya shigo wayarsa, an ɗauke shi, an tura shi wajen Rimin Gado. Mutane suka yi ta zuwa yi wa Baba barka. Ni ma na yi murna a fuska, a ciki kuwa abin nan ya sake tashi sabo, don na san da hannuna na ɗaga wayar da ta fitar da shi ta bar ni.

Ranar da zai tafi ni na ɗaukar masa jaka zuwa bakin titi. Muka zauna a kan wani kututture muna jiran bas. Na yi ta juya maganar a bakina, na kasa fito da ita. Shi ne ya fara.

Ya ce, "Garzali, da datar ta ƙare na je wurin Malam Isiyaku in sabunta. Ya gaya mini ranar da ya ba ka takardar."

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin mu fara girbi."

"Kuma ka ci gaba da gaya wa mutane ni na taimake ka?"

Ya ce, "To ba kai ba ne? Wa ya ɗaga wayar?" Ya shiga wasa da igiyar jakar. "Na yi fushi kwana biyu. Daga baya na ce da ni ne a cikin ranar nan ina kallon ka a inuwa, ban san abin da zan yi ba. Kuma kai ba ka san wani abu ba. Tun muna yara Baba bai taɓa yi mini tsawa ba, ko sau ɗaya. Idan muka yi laifi tare, kai yake duka, ni ya ce in tashi in tafi. Nakan koma bayan rumbu ina jin kukanka, ina cewa ina ma ni ne. Kai ɗan gida ne, ni kullum kamar baƙon da ake tsoron ya yi fushi. Ƙwan nan da Inna take ba ni, ka ɗauka daɗinsa nake ji?"

Bas ta tsaya, yaron mota yana kiran Kano. Nasiru ya miƙe, ya karɓi jakar, ya riƙe hannuna ya ce, "Albashina na farko akuya zan saya mata. Kada ka gaya mata dalili. Ni na yafe, kai ma ka yafe mini."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Motar ta tashi, na tsaya ina kallon ta har ta sha kwana. Ya kamata in ji sanyi a raina, kuma na ɗan ji. Amma gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce, a kan hanyar komawa gida wani sabon ƙyashi ne ya kama ni. Ya tafi da karatun, ya tafi da aikin, ga shi kuma maganar da na yi wata biyu ina neman bakin faɗa, shi ya riga ni, ya faɗe ta cikin sauƙi, ya yafe mini tun ban roƙa ba. Ko wannan ɗin bai bar mini ba. Na tsaya a gefen hanya har numfashina ya daidaita, sannan na wuce gona, don akwai sauran dami a ƙasa kuma hadari yana haɗuwa.